Abin da Ba Ya Wari: Yadda Shaye-shaye Ya Sauya Kama a Birane

Yau za mu yi magana a kan shan miyagun ƙwayoyi, yadda abin yake tafiya a manyan birane, da yadda yake iso mu.

Wani zai ce, “Mai bishara, ina ruwanmu da abin da ake sha a Legas ko Kano? Mu manoma ne.” To, ɗan'uwa, ka ƙirga 'ya'yan gidanku. Da wuya ka sami gida a ƙasar Fali, ko Gude, ko Kamwe, ko Margi, ko Kilba, wanda ba shi da ɗa ko 'ya a birni. Wannan yana gadi a Legas, wancan yana tuƙa keke a Abuja, wani yana aikin gini a Fatakwal, wata tana aikatau a Kaduna. Lokacin Kirsimeti su dawo da buhun shinkafa da atamfa, wasu kuma su dawo da abin da suka koya a can. Ban da haka ma, Mubi kanta ba ƙauye ba ce. Muna da Kwalejin Fasaha ta Tarayya, muna da Jami'ar Jihar Adamawa tun 2002, muna da kasuwar shanu wadda manyan motoci suke lodi daga cikinta zuwa kudu kowane mako. Hanyar da take kai shanu ita ce take dawo da kaya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Akwai wani abu da nake so ku lura da shi. A harsunanmu muna da sunan giya. Muna da sunan tukunyar da ake dafa ta, muna da sunan da ake kiran mashayi, har da waƙoƙin da mata suke yi masa zambo da su. Amma ku tambayi kaka sunan tiramol a yarenku, za ta ce ba ta san shi ba. Iyayenmu sun san mashayi ta wurin wari da tangaɗi. Idan yaro ya sha burukutu, tun daga ƙofar gida uwa ta ji. Idan ya busa wiwi, rigarsa za ta tona shi. Abin da ake sha yanzu kuwa yawancinsa ba ya wari. Ƙwaya ce ƙarama cikin aljihu, ko ruwa ne cikin kwalbar lemo. Yaro zai shigo ya durƙusa ya gaishe ka, ya ɗauki fartanya ya yi aikin mutum biyu, kai kuma kana yabonsa.

Yadda muka iso nan

Tabar wiwi ta daɗe a ƙasar nan. Tun 1966 gwamnatin soja ta yi doka mai tsanani a kanta, amma har yanzu ana nomanta a dazuzzukan Ondo da Edo da Delta, ana kawo ta arewa a ɓoye cikin kaya. A shekarun 1980 sai Nijeriya ta zama hanyar wucewar hodar iblis da hiroyin zuwa Turai da Amurka. A watan Afrilu 1985 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta harbe mutum 3 a Legas saboda fataucin ƙwaya. A 1989 kuma aka kafa hukumar hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, wato NDLEA, da dokar soja mai lamba 48. A wancan lokaci mutane suna ganin wannan damuwar filin jirgin sama ce da 'ya'yan masu kuɗi. Talaka yana jin labarin a rediyo ne kawai.

Abin da ya buɗe idon mutane da yawa shi ne wani babban bincike da aka fitar a watan Janairu 2019. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce ta yi shi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da miyagun ƙwayoyi da laifuka, Tarayyar Turai kuma ta ba da kuɗin. Lissafin na shekarar 2017 ne, saboda haka ku riƙe shi tare da shekararsa. An gano cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu mai sa maye a cikin wannan shekara, ban da giya da taba sigari. Wato kashi 14.4 cikin 100, ko mu ce mutum 1 cikin 7. A duniya gaba ɗaya kuwa, a lokacin, kashi 5.6 ne. Da a ce abin ya rabu daidai a ko'ina, to, a taron manya 140 ana maganar mutum 20 ke nan. Bai rabu daidai ba, amma ku yi tunani a kai.

Masu shan wiwi su ne suka fi yawa, mutum miliyan 10.6. Masu shan magungunan kashe zafin ciwo ba bisa umarnin likita ba, musamman tiramol, miliyan 4.6. Masu shan maganin tari don maye, miliyan 2.4. Yankin kudu maso yamma, inda Legas da Ibadan suke, shi ne kan gaba da kashi 22.4 cikin 100. Arewa maso yamma, inda Kano take, kashi 12. Mu a arewa maso gabas kashi 13.6, wato mutum fiye da miliyan 2. Waɗanda suka fi sha su ne masu shekara 25 zuwa 39, magidanta ke nan da matan aure, ba yara kaɗai ba. Kuma cikin masu sha 4, ɗaya mace ce.

Ku dubi jerin nan da kyau. Na biyu da na uku duka magunguna ne. Ba a daji ake noma su ba, ba kuma a haɗiye su a ciki a hau jirgi da su. Kamfani ne yake yin su, da kwali mai kyau da rubutun Turanci, a sayar a kemis. Babban sauyin da aka samu ke nan.

Kwalbar Kano da ƙwayar kowa

Maganin tari mai kodin ya fi yin suna a Kano. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 a kowace rana a jihohin Kano da Jigawa. Ko da lissafin nan ƙiyasi ne, duk wanda ya ga tulin kwalaben da ake sharewa a lunguna ya san abin ya yi yawa. Kodin dangin ofiyom ne. Idan ya shiga jiki, hanta takan mayar da wani sashinsa mofin, sai mutum ya ji jikinsa ya saki, damuwarsa ta yi nisa. Yana da zaƙi, ana zuba shi cikin lemon kwalba, ba wanda zai ce ba lemo ba ne. Shi ya sa ya shiga ɗakunan mata. Binciken da na ambata ya nuna cewa a shan wiwi maza sun yi wa mata nisa ƙwarai, amma a maganin tari da ƙwayoyin barci tazarar kaɗan ce. Macen da ba za ta taɓa zama a gidan giya ba tana iya shanye kwalba a bayan labule, saboda baƙin cikin aure, ko don ƙawa ta ba ta a wurin biki.

A ƙarshen Afrilu 2018 gidan BBC ya nuna wani fim na binciken asiri, inda aka ga ma'aikatan wasu kamfanonin magani suna sayar da katan-katan ta bayan fage, aka kuma ga samari ɗaure da sarƙa a wani gidan gyara hali a Kano. Ranar 1 ga Mayu 2018 Ministan Lafiya, Farfesa Isaac Adewole, ya sanar da hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Hanin ya yi amfani, gama kwalbar ta yi tsada, ta kuma daina zama a kan kanta a fili. Amma ba ta ɓace ba, har yanzu hukuma tana kama kwantenoninta a tashoshin ruwa. Kuma wanda jikinsa ya riga ya saba, doka ba ta cire masa sabon. Ya koma neman abin da ya fi araha.

A nan ne za mu dakata a kan tiramol, gama a ganina shi ne ya fi yi wa yankinmu ɓarna.

Tiramol magani ne na gaskiya. Likita yakan ba wanda aka yi wa aiki ko wanda ya karye. Wanda hukumar NAFDAC ta yarda da shi mai ƙarfin miligiram 50 ne ko 100, kuma ko a asibiti ba a wuce miligiram 400 a yini. Wanda ake sayarwa a tasha da bakin kasuwa kuwa mai 200 ne, ko 225, ko 250. Yawancinsa daga Indiya ake yo shi, ya zo ta ruwa, a sauke a Legas ko Kwatano ko Lome, daga nan ya bi mota da babur har Agadas da Libiya. A watan Nuwamba 2017 hukumomin Italiya sun kama ƙwaya miliyan 24 a hanyarsu ta zuwa Libiya, suka ce na 'yan ta'adda ne. A Nuwamba 2018 kuma an kama fiye da ƙwaya miliyan 500 a tashar Apapa. Ku tambayi kanku, ƙasar da ake kawo wa irin wannan, marasa lafiya nawa ne a cikinta?

Me ya sa ya karɓu haka? Domin aiki biyu yake yi. Yana kashe zafin ciwo kamar sauran danginsa, yana kuma taɓa wasu sinadarai na ƙwaƙwalwa da suke sa mutum ya ji karsashi. Saboda haka wanda ya fara shansa ba ya ganin kansa mashayi. Maganin gajiya yake kiransa. Mai noman ƙwadago da yake so ya gama kadada kafin rana ta faɗi, da mai lodin buhu, da mai tuƙa keke tun asuba, da direban da zai kwana a hanya daga Mubi zuwa Anaca, da mai haƙar yashi a Yedzaram lokacin rani, duka suna da dalilin da za su ba ka. Wasu samari kuma suna sha don an ce musu yana ƙara daɗewa a wurin mace. Ba lalaci ne ya kai yawancinsu ba, neman abinci ne. Shi ya sa nake jin nauyi idan na ji ana kiransu 'yan iska a dunƙule.

Amma ga inda tarkon yake. Jiki yana sabawa. Ƙwaya ɗaya da ta ishe shi a watan fari ba za ta ishe shi a wata na uku ba. Sai ya koma biyu, ya koma huɗu. Ranar da bai samu ba kuwa, sai ciwon gaɓoɓi, da zufa, da hamma, da gudawa, da rashin barci, da fushi marar dalili. Zai ce zazzaɓi ne. Da ya haɗiya sai ya warke nan take, sai ya ƙara gaskata cewa magani ne. A wannan mataki ba don ƙarfi yake sha ba kuma, yana sha ne don ya iya tashi daga tabarma. Kuɗin ƙwadagon da ya fara sha dominsa, yanzu ƙwayar ce take cinye shi.

Idan kuma ya yi yawa a jiki, tiramol yakan kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Saurayi lafiyayye zai yanke jiki ya faɗi a gona ko a kan babur, yana kumfa. A gidajenmu da yawa, abin da za a fara cewa shi ne aljanu ne, ko an yi masa sammu, ko wata tsohuwa a dangi ce ta kama kurwarsa. Na ga zumunci ya lalace a kan irin wannan zargi, alhali amsar tana cikin aljihun wandon yaron. Kafin a nuna wa kowa yatsa, a fara tambayar abin da yake haɗiya.

A 2018 Indiya ta sa tiramol cikin magungunan da take tsare da doka. Masu fatauci ba su zauna ba. Suka koma kan wata ƙwaya mai suna tafentadol, wadda ta fi tiramol ƙarfi, suna haɗa ta da wani maganin sakin jijiya. A watan Fabrairu 2025 BBC ta sāke tona wani kamfani a Mumbai da yake yin wannan haɗi yana turowa Afirka ta Yamma da sunaye irin su Tafrodol da Super Royal 225, daga baya gwamnatin Indiya ta hana yin haɗin. Saboda haka abin da yaro yake saya yau da sunan “tiramol”, mai yiwuwa ba tiramol ba ne ma. Shi kansa mai tallar bai san abin da yake ciki ba.

Sababbin baƙi daga kudu

A kudu kuma wani abu ne ya taso. A 2011 aka gano wurin dafa metamfetamin na farko a Legas. A 2016 aka kama wani babba a Asaba, har da mutum 4 'yan ƙasar Meziko da aka kawo don su yi aikin. Da farko don fitarwa waje ake yinsa, amma mai dafa abinci ba ya rasa lasawa. Zuwa ƙarshen 2021 garuruwan Inyamurai sun cika da kuka a kan abin da suke kira mkpuru mmiri, don yana kama da ƙanƙara. Wasu suna ce masa ais. Wannan ba ya kwantar da mutum, tayar da shi yake yi. Mai shansa yakan yi kwanaki ba barci ba abinci, ya rame, ya fara jin muryoyi, ya ga kamar 'yan gidansu suna shirya masa mugunta. Wani mummunan labarin da ake ji na ɗa ya ɗaga wa uwarsa adda, daga irin wannan hali yakan fito. Kada mu ce na kudu ne kawai, gama ana kama shi a biranen arewa ma.

Ita ma wiwi ba irin ta dā ba ce. A Legas da Abuja akwai wadda ake kira Loud, da ake shigowa da ita daga Kanada da Amurka, mai tsada, ta 'ya'yan masu hali. Akwai kuma Colorado, ganye ne da aka fesa wa sinadarin da aka haɗa a ɗakin gwaji, shi ne wanda ake ganin samari suna birgima a kwata bayan sun busa. Wanda yake so ya ga inda wannan hanya take kaiwa ya dubi Saliyo, inda wani haɗi mai suna kush ya yi ɓarna har Shugaba Julius Maada Bio ya kafa dokar ta-ɓaci a kansa a watan Afrilu 2024. Hodar iblis kuma tana nan, a Satumba 2022 an kama kusan tan 1.8 a wani gida a Ikorodu, amma wannan ba ta aljihun yaranmu ba ce.

Ta aljihun yaranmu ita ce mai araha: diyazafam da roci da ezol, da sholisho na masu faci, da sukudai wanda sinadarin masana'anta ne, da 'ya'yan zaƙami, da a-kurkura wadda NDLEA ta yi gargaɗi a kanta a 2022. Sai allurar fenta, wadda takan kama har ma'aikatan lafiya da masu ciwon sikila, ga kuma haɗarin ƙanjamau da ciwon hanta idan ana karɓa-karɓar sirinji. Kada kuma mu tsallake giyar leda don ta fi kusa da mu. Abin da ya fi kisa shi ne haɗawa. Kodin ko tiramol suna rage numfashi, ƙwayar barci tana ragewa, giya tana ragewa. Idan aka tara su a ciki ɗaya, mutum yakan kwanta yana minshari, a ce barci yake yi, da safe a tarar ya tafi.

A kanmu kuma akwai wani nauyi da Legas ba ta ɗauka ba. A ƙarshen Oktoba 2014 Boko Haram suka ci garin Mubi, muka watse, wasu Yola, wasu kan duwatsu, wasu Kamaru. An ƙwato garin a watan Nuwamba, amma ba duk abin da ya ɓata aka ƙwato ba. Yaron da yake da shekara 10 a lokacin, wanda ya ga gawa a hanya, ya rasa uba, ya rasa makaranta, yanzu ya wuce shekara 20. An sha ba da labarin samun tiramol a sansanonin 'yan ta'addan, amma ba su kaɗai suka sha ba. Wanda ya gudu ma yana neman abin da zai sa ya yi barci ba mafarki. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ga iyaka kusa, mai hanyoyin babur da ba su ƙirguwa. Ga kuma 'yan siyasar da suke tuna da samari lokacin zaɓe kaɗai. Sunayen sun bambanta, 'yan daba a Kano, 'yan kalare a Gombe, sara-suka a Bauchi, 'yan shila a Yola, amma ku bincika abin da suke sha kafin su fita, kusan iri ɗaya ne.

Tun Janairu 2021, da aka ba Janar Buba Marwa, ɗan Michika, shugabancin NDLEA, kame ya ƙaru ƙwarai, a 2022 kuma hukumar ta buɗe layin waya na kyauta don masu neman shawara a asirce. Wannan abin yabo ne. Sai dai hukuma tana iya tare kwantena a Apapa, ba ta iya shiga ɗakin ɗanka.

A cikin gida

Tun da hanci ba zai taimake ku ba, sai ido da kunne. Ku lura da sauyin barci: wanda yake kwana ido biyu, ko wanda yake gyangyaɗi da rana tsaka. Ku lura da ramewa, da yawan susa, da murya mai nauyi, da yawan shan lemo ko alewa, da fatun ƙwaya a bayan ɗaki. Ku lura da ƙananan abubuwan da suke ɓacewa, mudun wake yau, kaza gobe, wayar ƙanwarsa jibi. Alama ɗaya ba hujja ba ce, gama samartaka ma tana da nata halin. Amma idan sun taru, kada a jira.

Yadda za a yi maganar yana da muhimmanci. Kada a yi ta lokacin da yake cikin maye, kada kuma a yi ta a gaban ƙannensa. A al'adunmu akwai maganar da ɗa ba ya iya yi da ubansa amma yana yi da kawunsa, akwai wadda 'ya take yi da gwaggonta. Ku yi amfani da wannan. A yi da yaren gida, gama Hausa da Turanci harsunan waje ne, da su ya saba kāre kansa. A tambaye shi me yake sha, guda nawa a yini, tun yaushe. Amsar nan ita likita zai fara nema.

Yanzu bari in faɗi wadda ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Sarƙa ba magani ba ce. A Satumba 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fitar da mutum wajen 300, da yawa da mari a ƙafa da tabon bulala, cikinsu har da waɗanda iyayensu suka kai da hannunsu don a raba su da ƙwaya. Kada mu ce wannan na wasu ne. A watan Nuwamba na shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton ɗaure mutane a Nijeriya, ta kuma same shi a gidajen addu'a na Kirista, da na masu maganin gargajiya, har da wasu asibitoci. Tun Janairu 2023 akwai sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda ta ba irin waɗannan marasa lafiya 'yanci. Ni mai addu'a ne, ba kuwa zan hana kowa ba. Amma wanda ya karye a ƙafa muna yi masa addu'a muna kuma kai shi wurin ɗori. Haka ma horon ikkilisiya. Idan dattawa sun dakatar da saurayi, suka mayar da shi bencin baya, ba wanda ya sāke taka ƙofar gidansu, to, an miƙa shi ne ga majalisar da ba ta korar kowa.

Akwai kuma haɗari a tsayar da sha farat ɗaya. Mai tiramol ko kodin zai sha wuya na kwanaki, mako na fari ya fi tsanani. Amma wanda ya daɗe a kan diyazafam ko roci ko giya mai yawa, idan aka kulle shi a ɗaki aka yanke masa gaba ɗaya, yana iya yin jijjiga har ya mutu. Irin wannan a hankali ake rage masa, a hannun likita. Ku fara da babban asibiti mafi kusa, su za su tura ku gaba. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri, akwai wani a Barnawa ta Kaduna, dukansu suna karɓar masu wannan damuwa. Zuwa can ba ya nufin ɗanku ya haukace.

Idan kuwa kun tarar da mutum a sume, numfashinsa yana fita da ƙyar, leɓunansa sun sauya launi, kada ku ɗura masa madara ko manja, zai shaƙe. Idan yana jijjiga, kada ku cusa masa cokali a baki, ku kawar da abin da zai ji masa ciwo kawai. Ku kwantar da shi a gefensa, ku nemi mota nan da nan, ku tafi da fatar ƙwayar ko kwalbar da kuka gani kusa da shi. Akwai allura mai suna nalokson da take warware ƙarfin dangin ofiyom idan an kai shi da wuri. Kada tsoron abin da maƙwabta za su ce ya sa ku jira gari ya waye.

Bayan an sallamo shi, ku sani komawa ruwa abu ne da yake faruwa ga mutane da yawa, wani sau biyu, wani sau uku, kafin ya tsaya da ƙafarsa. Lokacin nan ne ma ya fi haɗari, gama jikinsa ya manta da sabon dā, adadin da yake sha a baya yanzu yana iya kashe shi. A gaya masa wannan a fili. A watannin farko kada a damƙa masa kuɗi mai yawa a hannu, a biya masa kuɗin koyon sana'a kai tsaye wurin maigidan. Idan aikin da yake yi ne ya kai shi ga ƙwaya, kamar lodi ko tuƙin dare, a nema masa wani, ko da kuɗinsa bai kai na wancan ba. Ragowar maganin da aka rubuta wa wani a gidan kuma, a ajiye shi a akwati mai makulli, mabuɗin yana hannun mutum ɗaya.